Furen Kabewar Baba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ba zai rubutu ba sai na sa sunan mijina, ni kuwa ko a gaban Inna ban taɓa faɗarsa ba. Ma'azu. To, na rubuta.

A kasuwar Goronyo na fara ganinsa, ina tsaron ganyen da Inna take sayarwa. Ya durƙusa yana juya zogale da rama ɗaya bayan ɗaya.

"An yi masu feshin magani?"

Na girgiza kai, idona a ƙasa.

"Madalla. Gimbiya ba ta cin mai magani."

Zuciyata ta faɗi, na ɗauka matarsa ce. Sai ya nuna mini hoto a waya: kulɓa ce a cikin akwati, ƙatuwa, irin ta ƙasashen waje wadda ganye kawai take ci. Wani likitan dabbobi da ya yi wa aiki ne ya bar masa ita. Na ja hijabi na rufe baki, dariya ta ƙi ɓoyuwa.

Daga nan duk ran kasuwa sai ya zo. Ya ce albasa da lawashi guba ne a gare ta, tuwo ma ba nata ba ne. Yakan wanke ganyen, ya yanka ƙanana, ya barbaɗa dakakken ɓawon ƙwai saboda ƙashinta. Karatuna bai wuce firamare ba, shi ya sa saƙonsa ba ya tsawo.

"Sa'adiyyata, Gimbiya ta ƙoshi. Mai ita ne bai ƙoshi da ganinki ba."

Na ɓoye wayata cikin buhun gero don kunya.

Da ya aiko manyansa garinmu Taloka, Baba ya ƙi. Sirajo, ɗan ƙanen Baba mai fataucin albasa, wanda shi ma yake sona, ya riga ya baza cewa mai kiwon kulɓa ba ya rasa tsibbu.

"Ba ni ba da ɗiyata gidan da dafi ka kwana cikin akwati," in ji Baba.

Ana cikin haka saƙo ya shigo: "Hasken idona, Gimbiya ta daina cin abinci. Ban san abin yi ba."

Na tuna ya taɓa cewa tana son furen kabewa. Na shiga lambun Baba a fadama, na riƙa tsinko manyan furanni ina sa masa a ƙarƙashin zogale. Ta ci, ta murmure. Amma kabewar Baba ta ƙi yin 'ya'ya. Ya ɗora laifin a kan awakin Malam Mode maƙwabcinmu, har ya sa hula zai tafi wurin maigari.

Ina tsakar gida, hannuna cikin ruwan wanke-wanke. In na yi shiru, za a kunyata dattijo a banza. In na yi magana, na faɗa wa mahaifina da bakina cewa ina son namiji.

"Baba, ba awaki ba ne. Ni ce."

"Ke? Mi kika yi da hure?"

"Kulɓa... ba ta da lahiya."

Inna ta saki ludayi ta shige ɗaki. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Baba ya dube ni ya daɗe, sannan ya hau babur. Ashe Goronyo ya nufa.

Malam Mode ne ya raka shi, shi ya ba Inna labari. Wai sun iske Ma'azu ya fito da akwatin Gimbiya cikin rana yana ba ta ganye da hannu. Baba ya duba ƙarƙashin gado, ya duba randa, bai ga laya ko ɗaya ba. Ya tsaya nesa, daga baya ya matso, har ya tambaya ko tana cin yakuwa.

Da ya dawo bai kira ni ba. Ina jin sa ta bayan zana yana cewa Inna, "Ki gaya ma ɗiyakki, in za ta tsinka ma surukina hure, ta bar wanda ke da ɗan ƙulli a gindi. Shi ka zama kabewa."

Inna ta rangaɗa guɗa. Kwana biyu ban iya haɗa ido da kowa ba.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Baba ya dafa kaina ya ce Allah ya sa albarka, ya ba mu zaman lafiya. Ƙawayena suka raka ni suna kirana amaryar kulɓa.

Gwaggona ta gargaɗe ni cewa amarya ba ta leƙa waje, ba ta taɓa aiki. Washegari da safe, kafin ta tashi, na ja mayafi na lallaɓa bakin randa. Na wanke zogale da hannuna mai lalle, na yanka ƙanana, na buɗe akwatin Gimbiya.