Yarinyar da Ta Kankare Ƙaro

A wani zamani an yi wata yarinya da ta koyi rubuta sunanta. Don murna, sai ta ɗauki wuƙa ta zana shi a jikin bishiyar mangwaron kakarta.

Kashegari ta tarar ƙaro ya fito ya rufe rubutun, ta kankare shi. Kullum ƙaro ya fito, kullum ta kankare.

Da damina ta sauka, wurin ya yi baƙi, ya ruɓe har rubutun ya ɓace, ganye ya soma zuba. Kaka ta shafa wurin ta ce, "Ikon Allah! Ɓawo shi ne fatar bishiya, shi ke hana cuta shiga. In ya tsage, ƙaro ke toshe ciwon. Amma nan ko ɗigo babu. Lalle akuyata ce ke gaigayarsa. Gobe sai kasuwa."

Yarinya ta dubi akuya, ta sunkuyar da kai. Aka kawo tuwo, ta kasa ci.

Da safe Kaka ta ɗaura wa akuya igiya. Yarinya ta riƙe igiyar ta ce, "Kaka, ba ita ba ce. Ni ce."

Kaka ta dube ta, sannan ta kwance akuyar.

A shekarar nan mangwaro bai yi 'ya'ya ba. Duk maƙwabcin da ya tambayi dalili, Kaka sai ta bar yarinyar ta amsa da bakinta.