Gishiri a Gonakin Shyamnagar

A bakin wata gonar shinkafa da ta ƙone a Shyamnagar, wani gari na bakin teku, Moinul ya fara ganinta, ta tsuguna tana ɗanɗana ruwan gonar da yatsa.

"Baiwar Allah, in ƙishi ne, akwai mai shayi a kasuwa."

Ta ɗago ta harare shi. "Gishiri nake dubawa. Sunana Tahmina, ina yi wa jarida rubutu kan abin da ke kashe mana abinci. Ka san hanya, ko sai surutu?"

Ya san hanya. Kwana uku yana yawo da ita a babur, gona zuwa gona. Abu ɗaya ya ɓoye mata: tafkunan kiwon jatan landen da ke tsiyayo ruwan teku cikin gonakin nan, na mahaifinsa ne, Haji Sobhan.

Ta koma birnin Dhaka, saƙonni suka ɗora.

"Tauraruwata, kin ci abinci? Ko yau ma rubutun kika ci?"

"Na ci. Ka daina sa ni murmushi a ofis."

Ranar da rubutun ya fito, Haji Sobhan ya wurgo masa jaridar. "Wannan kake so in je nema maka? Wadda ta mai da ni azzalumi a idon gari? Ga Jesmin 'yar ƙanwata, ba ta taɓa zagin kowa ba!"

Moinul ya kira Tahmina ya faɗa mata gaskiya, cewa mai tafkunan mahaifinsa ne. "Ki ɗan sassauta a rubutu na gaba, don ni."

"Ashe rakiyar ta gadi ce," in ji ta. "Ko harafi ba zan goge ba."

Sati biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. Sai ya rubuta: "Tsoron rasa ki ya sa na ɓoye, na yi kuskure. Kada ki goge komai. Amma ba ki ji ta bakin Abba ba."

Maganar ta soke ta, don gaskiya ce. Ranar Juma'a sai ga ta a ƙofar gidansu da littafinta.

"Kawu, ban janye abin da na rubuta ba. Amma na rubuta ban tambaye ka ba, shi na zo gyarawa."

Haji Sobhan ya ce ta zauna. Ya ba ta labarin guguwar da ta turo teku gonarsa, da shekara ukun da bai girbi ko ƙwara ba. Jatan lande ne ya ciyar da 'ya'yansa. Ta rubuta duka, ta kuma kawo masa labarin irin shinkafa mai jure gishiri.

"Tafki ɗaya zan toshe in gwada shinkafar a ciki," ya ce. "Ɗaya tak."

Damina ta farko gonar ta ƙi. Ta biyu ta yi.

Bayan girbi aka ɗaura auren Moinul da Tahmina. Haji Sobhan ya dafa kanta, idonsa ya ciko.

"Allah ya yi muku albarka, 'yata. Ki ci gaba da rubutunki. Amma in za ki sake caccakata, ki fara zuwa mu ci abinci tukuna."