Ƙullin Ƙasar Iwiya

"Rumasa'u, wa ya taɓa min akwati?"

Tana shayar da 'yarsu Zali, ta ɗago kai. Shekararsu biyu da aure a nan unguwar Hindawiyya ta Makka, ba ta taɓa jin muryar mijinta Bakir haka ba. Majemi ne, ɗan ƙabilar Tatar ta Turai, fari sol, yaƙin Hitila ya raba shi da gida, har ya koyi Hausa a bakin dukawan Makka.

"Ni ce, Abu Zali... Zanin goyo nake nema na ga wani ƙulli, baƙar ƙasa a ciki. Gwaggo Hure ta shinshina, ta ce ƙasar kabari ce, sammu aka yi mana."

"Yana ina?"

"Yarinyar nan kwana take yi tana kuka. Na tsorata..." Ta sunkuyar da kai. "Na zubar a kwata, na bi da ruwa."

Ya zauna daɓas a kan tabarma.

"Gwaggo ta yi gaskiya, ƙasar kabari ce. Kabarin mahaifiyata."

Da ƙasa za ta tsage, da Rumasa'u ta shige.

"Iwiya sunan garin, a Belarus," ya ce, idonsa a bango. "Ɗan ƙarami ne. Masallacinmu na katako, ga ƙorama mai daskarewa lokacin sanyi har yara su yi tsere a kanta. An haife ni yana hannun Polan, yau yana hannun Rasha, ba hanyar komawa. Da na so a zuba min ƙasar nan a nawa kabarin."

Hawayen Rumasa'u suka ɗiga a kan goshin jaririyar. Ita da ke ce wa maƙwabta mijinta Baturke ne, don kar a ce ta auri ɗan ƙasar kwaminis. Ko sau ɗaya ba ta tambaye shi sunan garinsu ba.

"Ka yi min faɗa mana, don Allah. Haƙurin nan naka ya fi duka ciwo."

"'Yata kika kare, habibti. Da wane baki zan yi faɗa?"

Ta matso a kan gwiwoyinta, ta ɗora masa Zali a cinya.

"Yaya sunan Umma?"

Ya rungume jaririyar.

"Zuhura."

"To fara kwatanta mana Iwiya daga ƙofar gidanta," ta ce tana share fuska. "A hankali, ina so in haddace hanya."