Barkonon Safiyatu

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, irin zafin nan da mutanen yanzu ke ta kuka da shi alhali ba su ga komai ba. Insfekta Gaji yana zaune a ofishinsa na Gaya, fanka ta tsaya, yana fifita da bangon fayil, sai ya ji hayaniya a kantar karɓar ƙara.

Wani tsoho ne dogo, siriri, riƙe da sanda, yake gaya wa kofur cewa shi ba ya magana da mai igiya biyu, a kira masa babba.

"Ga ni, Baba. Shigo ka zauna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Datti ne sunana, daga Balan. Duk wanda ya isa mutum a Balan ya san ni. Sata aka yi mini."

"Dabba aka ɗauka?"

"Barkono."

Kofur ya juya fuskarsa bango. Insfekta bai yi dariya ba. Duk faɗin Gaya da Ajingi ba a yi ɗan sanda mai haƙurin sauraro kamarsa ba, wanda ya ce maka an yi, ka ce ya kawo shi a gani. Ya tura wa tsohon kujera da ƙafa.

"Faɗa mini yadda aka yi."

Malam Datti ya zauna a bakin kujerar. Jiya Juma'a ya fito da hantsi ya taho Gaya masallaci, bai koma ba sai bayan la'asar. Ya tarar an tone masa lambun bayan gida: barkono, gauta, ɗoɗɗoya, na'a-na'a.

"Kada ka ɗauka na kasuwa ne, ɗana. Irin matata ne, Safiyatu. A ƙulle a bakin zane ta zo da shi daga Toranke ranar da aka kawo ta, shekara hamsin da ɗaya ke nan. Shekarar babban fari shanu suka ƙare, mutane suka watse, ni ban tashi ba, barkonon nan ma bai mutu ba. Bara ta rasu. Na ce mata ba zai mutu a hannuna ba."

"Wa kake zargi?"

"Kabo. Maƙwabcina. Darninmu ɗaya, shi kaɗai ya san ba na gida. In ba ku kama shi ba, Litinin ina gaban alƙali."

Insfekta ya ɗauki hularsa.

Lambun ɗan ƙarami ne, fangali biyar a jere, kowanne an ɗaga masa baki don ya riƙe ruwa. Zogale na tsaye a kusurwa, ga rijiya a gefe. Insfekta ya tsuguna ya sa yatsa a ramukan.

Ba tumɓukewa aka yi ba. An zagaye kowane tushe da hauya, an ɗaga shi da ƙasarsa, ba a bar ko saiwa ɗaya a tsinke ba. Sannan a kowane fangali an bar tushe guda, kuma wanda ya fi sauran ƙiba. An zuba masa ruwa, an zagaye gindinsa da toka, an kafa masa ɗan guntun zana ta ɓangaren da rana ke duka.

"Baba, kai ka yi wa waɗannan inuwa?"

"Haka na tarar. Rainin wayo ne, don ya ƙona mini rai."

Insfekta ya saki guga a rijiya. Gugan ya daɗe yana tafiya kafin ya ji ya taɓa ƙasa. Da ya jawo, taɓo ne rabin guga.

"Da me kake ban ruwa?"

"Daga burtsatsen bakin hanya. Bokiti biyu a hannu, sau shida a wuni." Ya miƙe wuya. "Samarin yanzu ba za su iya ba."

Insfekta ya dubi hanyar. Tafiya ce mai nisa, babu ko bishiya ɗaya.

Kabo yana zaune a zaurensa yana tufka igiya. Gajere ne, furfura ta cinye masa kai. Da ya ga kaki sai igiyar ta faɗi.

"Ina kake jiya da azahar?"

"Ina Gaya, yallaɓai. Juma'a."

"Wa ya gan ka?"

"Allah ya gan ni."

"Yaushe rabonka da lambun Malam Datti?"

"Tun ranar sadakar ukun marigayiya."

Akwai baro jingine a bangon zauren. Insfekta ya kwantar da shi, ya shafo cikinsa da tafin hannu. Ƙasa ce mai danshi gauraye da toka. Ya kai hancinsa. Ɗoɗɗoya ba ta iya ɓoye kanta, ko an wanke hannu sau uku.

"Malam Kabo, baron nan shi ma Juma'a ya je?"

Kabo ya dubi baron. Can ya miƙo hannayensa biyu a haɗe.

"Ni na sata. Sa mini ankwa."

"Ina kayan?"

"Na ba awaki."

"Ka tone barkono da ƙasarsa, ka lallaɓa shi kamar jariri, don ka ba awaki?"

"E."

"To me ya sa ka bar ɗaya a kowane fangali?"

Kabo ya kau da kai. "Na gaji ne."

"Sau biyar ka gaji, kullum a kan tushe mafi kyau?"

Idon Kabo ya kawo ruwa. "Yallaɓai, shekara arba'in muna shan ruwan rijiya ɗaya da mutumin nan. Sau biyu cikin makon nan na tsince shi kwance a hanyar burtsatse, bokiti ya kife. Na biyun sai da na yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Yana buɗe ido ya ce mini hutawa yake yi, wa ya aike ni. Ka rubuta ni ne kawai. Gara ya ƙi ni da ya ƙi wani."

Insfekta bai rubuta komai ba. Ya koma ta darni.

Ya tarar da Malam Datti tsugune gaban barkonon da aka bari, yana cire masa busasshen ganye.

"Baba, in mutum ya zo roƙon dashe, yaya marigayiya take yi?"

"Ai ba ta hana kowa. Rabin barkonon Balan jikokin nata ne. Sai dai duk yawan da za ta ɗiba, tana barin mafi ƙarfi a wurinsa, ta shayar da shi, ta yi masa inuwa. Cewa take fangali ma ba ya son a bar shi maraya."

"Kabo ya san da haka?"

"Kabo? Wanda ko albasa bai taɓa rayawa ba?"

"To wa ta koya wa?"

Tsohon ya saki ganyen da ke hannunsa. Ya dubi tokar, ya dubi guntun zanar, kamar yanzu ya fara ganinsu.

"'Yata Hussaina tana aure a Toranke," ya ce a hankali. "Ba ta zo ba tun salla." Ya juya baya. "Rana ta yi. Ka tafi aikinka."

Washegari da safe Insfekta ya biya ta ofishin Ajingi ya sanar, ya wuce Toranke. Mijin Hussaina malamin Islamiyya ne, Muhammad Bashir. Da ya ji abin da ke tafe da baƙon, ya sunkuyar da kai, ya yi masa iso har tsakar gida.

Hussaina ta fito da mayafi. Ta haura arba'in, doguwa, wuyan mahaifinta sak.

"Malama, yaushe rabonki da Balan?"

"Tun salla, yallaɓai."

"Shekaranjiya fa?"

"Ina gida ina wanki."

"A ba ni ruwa in sha."

Ta nufi randa. Insfekta ya bi sawun jiƙaƙƙiyar ƙasa da ido, daga bakin famfon gidan zuwa bayan ɗaki, ya taka ya leƙa.

Rumfar zana ce sabuwa. A ƙarƙashinta ga barkono, ga gauta, ga ɗoɗɗoya da na'a-na'a, layi-layi, ganyensu ya ɗan langaɓe irin na sabon dashe, amma kawunansu sun fara miƙewa. Kowane gindi da zoben toka.

Ta iso da moɗa a hannu. "Saya na yi."

"A wurin wa?"

"Wani mai lambu."

"Mai lambun da ke barin ɗaya a kowane fangali? Malama, Kabo ya ce shi ne ɓarawo. Hannu ya miƙo mini. Gobe Litinin mahaifinki zai kai shi gaban alƙali, tsoho da furfurarsa."

Moɗar ta karkace, ruwan ya zube a ƙafarta.

"Baba Kabo bai ɗauki ko ganye ba. Baro kawai ya tura mini zuwa bakin hanya, na hau a-daidaita-sahu." Ta zauna a kan turmi. "Shi ya aiko mini cewa Baba ya faɗi. Sau uku ina roƙon Baba ya bar ni in kawo shukar nan, tunda mu famfonmu bai ƙafe ba, in damina ta sauka in mayar. Ya ce shi da ya ga babban fari ba 'yar da ya haifa za ta koya masa raino ba. Na ce a sa masu kawo ruwa, ya kore su, wai ba su san gwargwadon da barkono ke sha ba. Yallaɓai, bara na binne uwa. Ka ce in zauna in jira a tsinto mini uba a kan hanya?"

"Da kika yi niyya, me ya hana ki kwashe duka? Da babu wanda zai gano ki."

"Na sa hauya a gindin na ƙarshen." Ta goge ido da bakin mayafi. "Hannuna ya ƙi. Ji na yi kamar Inna tana tsaye a kaina."

"Tashi mu tafi. Malam, sai ka rako ta."

Babu ankwa. Amma kamu kamu ne, kujerar baya ta zauna.

A Balan, Malam Datti yana zaune a gindin zogale. Kabo yana tsaye daga can bayan darni, ya kasa shigowa, ya kasa tafiya.

"Baba, ga ɓarauniyarka," in ji Insfekta. "Ta amsa laifinta."

Hussaina ta durƙusa. "Baba, ni ce. Ka yi mini duk abin da ka ga dama."

Tsohon bai dube ta ba. Ya daɗe yana zana ƙasa da bakin sanda.

"Nawa suka mutu?"

"Ko ɗaya."

"Ƙarya kike. Gauta ba ta son dashe da rana tsaka."

"Buhu na jiƙa na lulluɓe su. Sai da rana ta yi sanyi na dasa."

"Toka fa?"

"Na sa."

"Da safe kike shayarwa ko da yamma?"

"Duka biyun, Baba. Kaɗan-kaɗan, a gindi, ban da ganye."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya yi tari.

"Insfekta, kayan nawa suna Toranke?"

"Suna can."

"A hannun ɓarauniya?"

"A hannunta."

"To ba zan bar su babu mai gadi ba. Wa ya san abin da za ta yi musu? Zan je in zauna a kansu har ruwa ya sauka. Kada wani ya ce gajiya na yi. Ni ban taɓa gajiya ba."

"Babu mai faɗa, Baba."

Ya dogara sanda ya miƙe, ya tafi har bakin darni.

"Kabo."

"Na'am, Malam."

"Na kira ka ɓarawo a gaban hukuma. Ka yafe mini." Kafin Kabo ya amsa, ya nuna fangalin da sanda. "Guda biyar ne. Bokiti ɗaya ya ishe su. In na dawo na tarar ka kashe ko ɗaya, wallahi wurin yaron nan zan koma."

Kabo yana dariya yana share ido. "A gindi, ban da ganye. Na ji."

Insfekta ya buɗe musu ƙofar mota. Mai laifi ta shiga, mai ƙara ya shiga kusa da ita yana faɗan kujera ta yi zafi. Kafin su fita daga Balan barci ya ɗauke shi, kansa a kafaɗarta, ita kuwa ko motsi ta ƙi yi.

Da yamma kofur ya tambayi abin da za a rubuta a fayil.

Insfekta Gaji ya karɓi biro ya rubuta da kansa: "An kama mai laifi. An gano kaya a Toranke. Duk suna raye."