Maganar Pruitt Ba Ta Shiga Kotu

"Kowa ya kwanta! Ke tsohuwa, hannu sama!"

Rana tsaka ne, ranar Talata, a kantin magani na titin Mill. Lonnie Haskins ya auna mai kantin da bindiga, yaron aikinsa Rusty na ɗura ƙwayoyi a jaka, dukansu fuska a rufe.

"Oga, mu ware! Ta danna ƙararrawa!"

"Kwantar da hankalinka, ɗan tsako. Yau Pruitt ke sintiri."

Duk garinmu an san abin da yake nufi. Shekara biyu ke nan da ofishin mai gabatar da ƙara ya sa wa Saje Marlon Pruitt alamar wanda ba a karɓar shaidarsa. Wani tsohon shugabansa da suka samu saɓani ne ya ce Pruitt ya taɓa murɗa rahoto. Ba a kira shi ba, ba a ji ta bakinsa ba. Ya nemi inda zai kai kuka, aka ce babu wannan ƙofar. Ɓarawo ma ana ba shi lauya, shi kuwa ko kujerar zama ba a ba shi ba. Abin yana ci mini rai har yau. Lonnie kuwa ya haddace ranakun aikinsa, shi ya sa ya zaɓi Talata.

Suka faɗa mota — ƙiii! Jiniya a bayansu. Pruitt ne, shi kaɗai.

"Motar uwata ce fa, ya ga lamba!" Rusty ya fashe da kuka. "Oga, in aka kama ni ba zan iya yin shiru ba. Ina da 'ya."

"Au, haka ne?"

Bayan tsohuwar masana'antar ƙarfe hanya ta ƙare. Lonnie ya fito, ya cire abin rufe fuska, ya zagayo ta tagar Rusty. Tau! Tau! Daidai nan Pruitt ya shawo kwana. Suka haɗa ido. Lonnie ya haura katanga ya nufi kogi. Pruitt bai bi shi ba, ya tsaya danne raunin Rusty har rai ya yi halinsa.

Washegari aka kama Lonnie yana cin abincin safe. Pruitt ya ruga wajen mai gabatar da ƙara, Madam Ellery.

"Babu bindiga, babu hoto, mai kantin ba ta ga fuska ba," ta ce. "Kai kaɗai ne, Saje."

"Ai na isa! Da idona na gani!"

"Lauyansa zai yi kaca-kaca da kai kafin ka gama rantsuwa."

"To ki cire mini alamar. Ko ki zaunar da ni ki ji me ya faru tun farko."

"Gadon alamar na yi, kafin in zo aka sa ta. Ba mu da tsarin cirewa."

Aka saki Lonnie. A ƙofar caji ofis ya sara wa Pruitt yana murmushi. "A gaida aiki, yallaɓai!"

Bayan jana'iza, Pruitt ya tarar da wata dattijuwa tsaye jikin motarsa. Doreen ce, mahaifiyar Rusty.

"An ce a hannunka ya cika."

"Haka ne, Mama."

"Wa ya harbe shi?"

"Lonnie Haskins. Amma kin dai ji abin da ake cewa a kaina."

"Na ji. Ni na yarda da kai, ɗana."

Idon Pruitt ya ciko. Tun da wannan masifa ta same shi babu wanda ya faɗa masa haka.

"Yanzu gaya mini inda Lonnie yake kwana," ta ce.

Sai ya lura da jakarta. Ta rungume ta da hannu biyu, kuma nauyinta ba na turare da hoda ba ne, na bindiga ne. Ya san gidan Lonnie sarai, har launin ƙofar. Ya dubi tsohuwar, ya tuna da jikarta, 'yar Rusty, da ke jiranta a gida.

"Ban sani ba, Mama," ya ce.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta gyara riƙon jakarta.

"Ashe gaskiyarsu ce, maganarka ba abin yarda ba ce."