Gwado Mai Ratsi Uku

"Asama'u, wane launi ne wannan?"

Gaban Asama'u ya yanke ya faɗi.

Goggo Azumi ce tsaye a bakin rumfar saƙa, ta ɗaga curin zare sama, taku huɗu kacal tsakaninsu. Ita ce ƙanwar mahaifin Ja'afaru marini, saurayin da aka yi wa Asama'u baiko da shi. Ita ta raine shi tun yana maraya, kuma duk Birnin Gwari an san in ta ce a'a a gidan marina, magana ta ƙare. Bayanta 'yarta Hassana ce, aminiyar Asama'u, ta sunkuyar da kai.

Asama'u ta ƙura ido. Tana ganin hannu dishi-dishi, da wani abu mai duhu a cikinsa, kamar ta cikin hayaƙin ɗanyen itace.

"Ja ne, Goggo..."

"Shuɗi ne."

Akwasha, katakon buga saƙa, ta suɓuce daga hannun Asama'u ta faɗi ƙasa.

Daidai nan Innarta ta shigo daga barkar maƙwabta. Ta dubi baƙin, ta dubi masaƙar da ke jingine da bango, sai ta dafe ƙirji. Gwadon rufa ne Asama'u ke saƙa wa Goggo na gaisuwar surukai, ja, rawaya, shuɗi, suna bin juna tsaf tun daga ƙasa. Amma aikin yau, wajen taƙi biyu, ya birkice. Inda ja zai zauna shuɗi ne, inda shuɗi zai zauna ja.

"Ashe gaskiya ne," in ji Goggo a hankali. "Yarinyar ba ta gani."

"Tana gani mana!" Inna ta ce. "Ciwon ido ne kawai, muna sa magani..."

Goggo ta dubi Inna. "Yaya, kada mu yaudari juna. Ba zan kai wa ɗan ɗan'uwana wahala da hannuna ba. In ya dawo daga daji, maza za su zo a warware magana."

Ta ajiye zaren ta fita. Hassana ta bi ta, ko waiwaye babu.

Tun damina abin ya fara. Asama'u ta bi Inna gonarsu ta bakin rafi, ta kwanta zazzaɓi kwana tara, da ta tashi sai idanun suka yi ja, suka yi ta ruwa. Ruwan ya tsaya, hazon bai tafi ba. Tana gane mutum in ya matso, tana gane fari da rawaya, amma ja da shuɗi duk duhu ɗaya suka koma mata. Inna ta san idon na ciwo, ba ta san ya kai haka ba.

Mutum ɗaya ta gaya wa.

Hassana.

Kullum da hantsi Hassana ke zuwa ta jera mata zare, ja a ƙwaryar dama, shuɗi a ta hagu, rawaya a tsakiya. Yau ma ta zo, ta jera, har da tsokanarta da "amaryar Yayana", sannan ta tafi ta dawo da mahaifiyarta.

"Me ya sa kika ɓoye mini?" Inna ta tambaya tana kuka. "Ni na haife ki fa!"

"Tsoro nake ji, Inna... Na ɗauka zai washe kafin biki."

Ja'afaru ba ya gari. Kwana uku ke nan da suka shiga daji wajen Kutemeshi da sauran marina, saran talaki, ganyen da suke haɗa baban rini da shi. Sun ce ran Alhamis za su dawo.

Alhamis ta zo ta wuce.

Juma'a da safe wasu fatake suka shigo da labarin an ga mahara a hanyar kudu, sun kwashe mutane a wata tunga. Aka fara rufe ƙofar gari tun rana na sama. Asama'u ta kasa cin tuwo. In ta tuna dajin sai ta roƙi Allah ya dawo da shi lafiya, ko da ba zai sake kallonta ba. In ta tuna abin da zai tarar, sai tsoro ya kama ta.

Don kada zullumi ya kashe ta, ta koma gaban masaƙa ta fara warware ɓarnar, sili-sili, da lalube. Zare ya tsinke, ta kai shi baki za ta jiƙa ta ƙulla.

Sai ta tsaya.

Wari ne ya daki hancinta, warin karofi, wato ramin rini, wanda ba ya barin rigar Ja'afaru ko an wanke ta sau goma. Ta lalubo wani silin ta shinshina. Wannan ba shi da shi, sai ɗan ƙanshin kara da kanwa.

"Inna! Inna, zo! Wannan shuɗi ne?"

"Shuɗi ne."

"Wannan fa, ja?"

"Ja ne... Ke, ya aka yi?"

Ta sake lalubo wani silin ta kai hanci.

Ran Asabar da azahar guɗa ta tashi a unguwar marina. Sun dawo, dukkansu, kewaye suka yi ta bayan duwatsu. Asama'u ta yi sujada a tsakar gida. Ta yi wanka, ta sa kwalli da lalube, ta zauna tana sauraren sallama a zaure.

Bai zo ba.

Lahadi ma bai zo ba.

Duk takun da ta ji a waje sai ta miƙe, sai ta ji mai tallan nono ce ko maƙwabci. Inna ta fito da ƙwaryar kayan baiko ta kakkaɓe ta, ta ajiye kusa da ƙofa.

Litinin da hantsi ta ji muryarsa.

"Salamu alaikum. A ce da Ma'u ina zaure."

Ta fita zauren. Ta durƙusa daga gefe, ta ga inuwarsa doguwa a bakin ƙofa, fuskar kuwa ba ta iya karantawa.

"Sannu da dawowa..."

"Yauwa."

Sai ya tambaye ta kai tsaye.

"Gaskiya ne abin da Goggo ta faɗa?"

"Gaskiya ne."

"Tun yaushe?"

"Tun damina."

Ya ja dogon numfashi. "Wata huɗu, Ma'u. Wata huɗu ina zuwa zauren nan, ina kawo miki zare, ina cewa dubi yadda jan nan ya kama, kina cewa ya yi kyau. Ashe ni kaɗai nake ta haukana!"

"Ka yafe mini..."

"Kwana biyun nan ba Goggo ce ta hana ni zuwa ba. Haushinki nake ji. Kin gaya wa Hassana, ni kin mai da ni baƙo. Wane irin mutum kika ɗauke ni?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Kai marini ne. Duk rayuwarka launi ce. Na ce me za ka yi da matar da ba ta san ja da shuɗi ba? Kullum in ka tafi sai in ce gobe zan faɗa... gobe ta yi, in ji muryarka, in kasa. Ban taɓa tsoron makanta kamar yadda na ji tsoron ranar da za ka daina sallama a ƙofar nan ba."

Ya matso kusa da ita. Da ya buɗe baki, muryar ta sauko.

"A daji mun kwana biyu cikin kogon dutse, muna jin dawakin mahara a ƙasa. Wallahi ban tuna karofi ba, ban tuna kasuwa ba. Ke na tuna. Share hawayenki, abar ƙaunata, kina ƙara wa idon ciwo."

"Goggo fa?"

"Nan ne gizo ke saƙar. Uwata ce, Ma'u. Ba zan taka ta in wuce ba, ke ma ba za ki so haka ba. Na roƙe ta har na gaji, ta ce macen da ba ta iya aikin hannunta sai an tsaya mata, ba ta iya riƙe gida."

Asama'u ta goge fuska da gefen zane.

"Ka ce mata ta zo gobe. Ta zo da Hassana. Ta haɗa zaren duka a ƙwarya ɗaya da hannunta."

"Me za ki yi?"

"Saƙa."

Washegari Goggo ta zo, fuska ba walwala. Ta juye curin zaren duka cikin babbar ƙwarya, ta cakuɗa, ta zauna kan tabarma. Hassana ta raɓe jikin turken rumfa. Inna na bakin madafa tana jan addu'a ƙasa-ƙasa. Ja'afaru kuwa yana zaure, ya kasa zama, sai kai da kawowa yake yi.

Asama'u ta matso gaban ƙwaryar. Zaren nan an daɗe da rina shi, in warin ya gudu fa? In tsoro ya toshe mata hanci fa?

Ta yi bismilla, ta ɗauki curi, ta kai hanci.

Ba komai.

Ta tona tsakiyar curin da yatsa, ta sake shinshinawa, a hankali.

Karofi.

"Shuɗi," ta ce, ta ajiye hagu.

Ta ɗauki na biyu.

"Ja."

Na uku. Na huɗu. Har goma sha ɗaya, ba wanda ya ce mata ta yi daidai ko ta yi kuskure. Ta juya ga masaƙa, ta ratsa zare, ta buga akwasha. Tana auna faɗin kowane ratsi da yatsu uku, in ya cika ta canza. Tun hantsi take bugu har inuwar rumfa ta koma gabas, bayanta ya ƙage, ba ta ɗaga kai ba.

Goggo ta taso. Ta shafa gwadon daga sama har ƙasa.

"Ba kuskure ko ɗaya," ta ce. "To ranar nan da na zo, wa ya jera miki zaren?"

Asama'u ta sunkuyar da kai. "Ni na ɓoye ciwona, Goggo. Laifin nawa ne."

"Ba abin da na tambaye ki ke nan ba."

Sai kuka ya ɓarke daga jikin turke.

"Ni ce, Inna!" in ji Hassana, tana duban mahaifiyarta. "Ni na sauya ƙoren... Gida ɗaya muka tashi da Yaya Ja'afaru, ni ke kai masa abinci karofi tun ina ƙarama, bai taɓa dubana ba sai da sunan ƙanwa. Na ɗauka in aka fasa..."

"Rufe mini baki!" Goggo ta daka mata tsawa. "Amana aka ba ki! Wuce gida, zan same ki."

Hassana ta fita da gudu. Goggo ta koma ta zauna, kamar an zare mata laka. Da ta sake magana, da Inna take yi.

"Yaya, ba ƙiyayya ba ce. Uwarmu ta makance ina da shekara goma sha biyu. Shekara goma sha ɗaya ina jan ta. Na ga yadda ta zauna a ɗaki ta daina taɓa komai, har ta daina magana. Abin da na hango wa yaron nan ke nan."

"Ni ma ina tsoro, Goggo," in ji Asama'u. "Ban san inda idon nan zai tsaya ba. Amma ba zan zauna ba."

Goggo ta juya ga masaƙar.

"Saura kamu nawa ki gama?"

"Biyu."

"To ki gama. Sanyi ya kusa, kuma ni ba na rufa da rabin gwado."

Daga zaure suka ji wani ya ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, har kaji suka watse. Inna ta fashe da dariya tana share hawaye.

Ja'afaru ya kai ta wajen mai maganin ido a Randagi, da rakiyar Inna. Na hagu ya ɗan washe, na dama ya ƙi. Daga ranar kuma duk zaren da zai aiko mata sai ya ƙulla masa alama a baki, ja ƙulli ɗaya, shuɗi biyu, wai kada hancin amaryarsa ya gaji. Hassana ta zo neman gafara ana saura kwana uku biki. Asama'u ta yafe mata, amma ba su koma kamar da ba.

Bayan an gama girbin dawa aka ɗaura aure. Da la'asar sakaliya mata suka rako amarya unguwar marina, lulluɓe, ana guɗa. A ƙofar gida ayarin ya tsaya. Asama'u ta daskare, mayafi ya rufe ɗan abin da take gani, ba ta san inda za ta sa ƙafa ba, ga idon jama'a.

Sai ta ji wani hannu mai kaushi ya kama nata, ya matse.

"Ku ba ni ita," in ji Goggo Azumi. "Ɗaga ƙafar dama, 'yata, akwai dokin ƙofa. Yauwa... Shigo gidanki."