Baƙin Hayaƙi a Kwanon Jere

Da aka ɓalle murfin akwatin katakon a harabar kwastan, kwanonin samira aka fara gani, gindinsu baƙi ƙirin da hayaƙi. Da aka ɗaga su kuwa, sai ga turamen atamfa sababbi fil, irin waɗanda aka hana shigowa da su. Akwati biyu haka. Kafin azahar mai kayan tana caji ofis na Minna, aka kuma damƙa maganar a hannun Sufeto Rose Jiya.

Sunan mai kayan Azumi. 'Yar garin ce, aure ya kai ta Kumasi, ta daɗe can har mijin ya rasu. Da aka sake buɗe iyakoki, ta tattaro 'ya'yanta uku ta dawo gidan ubanta. Takardar da aka yi mata ta mai dawowa gida ce: kayan ɗakinta su shigo ba haraji, muddin nata ne kuma tsofaffi. In aka sami na sayarwa a ciki, an ƙwace duka ke nan, har keken ɗinkin da za ta ciyar da marayu da shi, ita kuma sai gidan yari.

"Akwatunan nan naki ne?" Rose ta tambaye ta.

"Ban taɓa ganin su ba sai yau, ranki ya daɗe. Ni motar fasinja na hawo da yara. Ƙanin mijina, Alhassan, shi ya yi takardu, shi ya biyo kayan. Yatsa kawai na dangwala."

"Kina zarginsa?"

Azumi ta sunkuyar da kai. "Baffan yara ne."

Rose ta san wannan amsar. Ta sha jin irinta a bakin matan da ake shirin ɗaurewa.

Mudi, direban babbar motar da ta ɗauko kayan, Rose ta same shi a tasha yana shan shayi.

"Madam, ni abin da aka ɗora mini nake ja. A Kwatano aka ƙara akwatunan, an riga an buga musu ƙusa. Alhassan ya ce ajiyar matar yayansa ce a wajen wata ƙawarta."

"Ba ka tambayi abin da ke ciki ba?"

"Direba mai yawan tambaya ba ya daɗewa a hanya."

Ta rabu da shi. An gama takardun, har da akwatunan biyu a ciki, tun kafin a ɗauke shi haya. Saura mutum biyu, mai yatsa da mai biro, kuma a gaban alƙali yatsan ne zai yi magana.

Ta koma harabar kwastan ta ɗauki kwano ɗaya. Mai furanni ne, ja da ruwan ɗorawa, irin wanda mata ke jerawa a kabad. Rose a unguwar Fadikpe ta tashi, tsakiyar maƙwabta Hausawa, kuma ba ta manta ranƙwashin da ta sha ba ranar da ta zari irinsa a ɗakin wata tsohuwa don ta sha ruwa. Ta goga babban yatsanta a gindin kwanon. Baƙin ya biyo yatsan. Ta sansana, ta ce a kira mata Alhassan.

Ya zo da babbar riga da tattausar murya. Shagon yadi gare shi a kasuwa.

"Madam, a sassauta mata. Maraici ne ya sa ta. Yaran ma kada a damu, ni zan riƙe su."

"Ka ga abin da ke cikin akwatunan?"

"Ina? A rufe na karɓa, a rufe na kawo. Lokacin da aka buɗe ma ina Zungeru."

"To, ni na fara shakkar ko nata ne," Rose ta ce, tana gyara takardun gabanta. "Kwanonin kamar sababbi. Wataƙila mu sake ta, mu nemi mai su."

"Sababbi?" Ya matso da kujerarsa. "Haba Madam! Kwanonin girkinta ne. Na sha cin tuwon da ta tuƙa a ciki. Ba ki ga yadda gindinsu ya yi baƙi ba?"

"Na gani. Kai yaushe ka gani?"

Ya ja kujerarsa baya.

Rose ta jawo kwanon daga ƙarƙashin tebur, ta sa aka shigo da Azumi.

"An gaya maka kaya tsofaffi ne kawai ke wucewa, sai ka ce bari ka tsufar da naka. A ganinka duk abin da ke ɗakin mace murhu yake hawa. Wannan kwanon jere ne, Malam Alhassan. Mace za ta shekara ashirin da shi, ko ruwa ba a sha a ciki ba, kullum goge shi take yi. Da Azumi ce ta shirya wannan, tsofaffin tukwanenta za ta ɗora a sama, ba wanda zai ɗaga. Kuma baƙin murhu kama ƙarfe yake yi, sai an sa toka an dirje." Ta shafa kwanon da hankici sau ɗaya, farin ya fito tas. "Wannan na fitilar kananzir ne. Namiji ne ya yi shi, namijin da ya san launinsu alhali a rufe ya karɓa."

Ya kalli hankicin, sannan ya juya wajen Azumi.

"Yaya, wallahi don marayun nan na yi."

Azumi ba ta ɗaga murya ba.

"Ai na ji. Har ka yi musu wurin kwana a gidanka, in an ɗaure ni."

Da la'asar aka sake ta, aka sallami kayanta. Ta bar 'yan dako da gado da katifa, ta naɗa gammo, ta ɗauki keken ɗinkin da kanta.